Ina da sarauniya, shi sarki kaɗai ya rage masa: ta yaya wasa ya tashi canjaras?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Wata huɗu ke nan da na fara koyon ces. Jiya na kara da wani a intanet, na cinye masa 'ya'ya kaf, sarkinsa kaɗai ya rage, ni kuwa ina da sarki da sarauniya. Na yi ta kora shi har ya shige kusurwa, gidan h8. Sai na ɗora sarauniya a f7 don in toshe masa ko'ina kafin in kawo sarkina. Ina sakin hannu sai na ga an rufe wasa, an rubuta canjaras, an raba mana maki rabi da rabi. Minti arba'in ina wahala a kan wasan nan. Mutumin ba shi da inda zai taka, ba shi da ko soja ɗaya. In wannan ba nasara ba ce, mece ce nasara?

Malamar Yara:
Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu, na san zafin abin, kusan duk wanda na koya wa wasan nan sai da ya faɗa ramin nan. Abin da ya faru shi ne maƙalewar sarki. Dokar gajera ce: idan layin taku ya zo kan mutum, sarkinsa ba ya cikin cek (wato ba wani ɗa da ke kai masa hari), kuma ba shi da ko taku ɗaya da doka ta yarda da shi, da sarki ko da wani ɗa, to wasa ya ƙare nan take, kunnen doki.

Duba allonka. Sarki yana h8. Gidaje uku ne kusa da shi: g8, g7, h7. Sarauniyarka daga f7 tana kallon ukun duka. Amma gidan da yake zaune a kai, h8, ba ta kallonsa. Ka rufe ƙofofi, ba ka taɓa mai ɗakin ba. Kisa kuwa sai abu biyu sun haɗu: sarki yana cikin cek, kuma babu mafita.

Gobe in ka sake samun irin wannan, kana kora shi da sarauniya har ya koma layin ƙarshe, to tsaya haka nan. Ajiye ta a e7, ka ƙyale shi yana kai da komo tsakanin g8 da h8. Kar ka ƙara taɓa ta. Tako da sarkinka gida-gida har g6, sannan ka kashe. Sarki da sarauniya a kan sarki kaɗai ba ya wuce taku 10 in an bi hanya, daga ko'ina aka fara.

Sabon Hannu:
Na gode Malama. Na gane inda na yi kuskure. Amma zuciyata ba ta yarda da dokar ba har yanzu.

Mai Doki Biyu:
Kuma kana da gaskiya, ɗan'uwa. Shekara 15 ina wasan nan, ban taɓa yarda da ita ba. Malama ta faɗi doka daidai, amma bari mu duba hankalin da ke cikinta. A ces ba a cewa "na wuce". In layinka ne sai ka taka, ko da takun zai hallaka ka. Sau nawa muke cin wasa ta haka? Ka matse mutum har duk abin da ya taɓa asara ce, dole ta sa ya saki soja ko ya buɗe wa sarkinsa ƙofa. Kowa yana yaba wannan, ana cewa gwaninta. To maƙalewa ai ita ce ƙarshen wannan matsin: duk takun da ya rage masa, kai sarkinsa ne bakin mutuwa. Me ya sa in na matse shi kaɗan na ci, in na matse shi gaba ɗaya sai a ce mun yi daidai? Wane irin yaƙi ne za ka kewaye sarkin abokan gaba, ba ruwa ba hanya, a ce ku raba ganima?

'Yar Giwa:
Yaya, wannan tambayar taka ta ƙarshe ta shige ni. Ina jiran amsar Baba Tsohon Alƙali.

Tsohon Alƙali:
Salamu alaikum. Mai Doki Biyu, maganarka ba sabuwa ba ce, kuma ba ta banza ba ce. Manyan da suka fi mu sun yi ta. Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambun duniya shekara 27, yana ganin ya kamata wanda ya maƙale sarkin abokinsa ya sami fiye da rabin maki. A zamaninmu Nigel Short na Ingila ya sha faɗa a fili cewa nasara ya kamata ta zama.

Ita dokar ma ba haka aka same ta ba. A shaɗaranj, tsohon wasan Farisa da Larabawa wanda ces ya fito daga cikinsa, galibi wanda ya maƙale sarkin abokinsa shi ya ci. Kai, ko cinye wa mutum 'ya'ya duka ka bar masa sarki tsirara nasara ce a wancan lokaci, wato da a can ne, Sabon Hannu ya gama cin wasansa tun kafin a kai kusurwa. Abin da zai ba ku mamaki shi ne Ingila: kusan shekara 200, daga wajen 1600 har farkon shekarun 1800, a can wanda ya maƙale sarkin abokinsa shi ne ya faɗi. A ƙarni na 19 ne aka tsaya a kan canjaras ko'ina. A ces ɗin Sin kuwa har gobe wanda ya rasa taku ya sha kaye.

Don haka ba zan ce muku dokar ta sauko daga sama ba. Mutane ne suka gwada hanyoyi, suka zaɓi wannan. Ni dai ina ganin sun zaɓi daidai, amma zan bar masu ƙarshen wasa su faɗi dalili, sun fi ni riƙe misalai.

Ɗan Kusurwa:
Baba, na karɓa. Mai Doki Biyu, ka ɗauki allo ka jera wannan: Fari yana da sarki a e6 da soja a e7, Baƙi yana da sarki a e8, layin Baƙi ne. Maƙalewa. Wannan hoton shi ne ginshiƙin duk ilimin sarki da soja a kan sarki. Saboda shi ne ake koyon tsayuwar sarki gaba da gaba, ake koyon cewa sarki ya shige gaban sojansa kafin a tura sojan, ake ƙirga taku ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga numfashi. Ka mayar da maƙalewa nasara, duk wannan ya rushe. Duk wanda ya fi abokinsa da soja ɗaya, muddin ba a cinye sojan ba, sai ya yi ta turawa ido rufe, ya ci.

Ga na biyu. Sarauniya a kan soja guda da ya kai gida ɗaya kafin ƙarshe, sarkin mai sarauniya yana nesa. In sojan na layin tsakiya ne ko layin doki (b ko g), sarauniya tana ci: tana tilasta wa sarki ya shiga gaban sojansa, ta sami taku ɗaya ta matso da nata sarkin, a maimaita. Amma in sojan na layin c ne, misali yana c2, sarkinsa yana b1, sarauniya ta yi cek daga b3, sai sarki ya ƙi komawa gaban soja, ya shige a1, ya bar mata sojan. Ta ci shi a c2, an maƙale. Layi ɗaya kawai aka matsa, hukunci ya juya. Mutumin da ya san wannan tun a tsakiyar wasa yana zaɓen wane soja zai bari da wane zai sadaukar. Wannan zurfin ne kake so a cike da ƙasa.

Na uku, giwa da sojan gefe. Soja a layin h, zai zama sarauniya a h8, gida baƙi. In giwarka ta fararen gidaje ce, kuma sarkin abokinka ya riga ya isa kusurwar, ka fi shi giwa da soja amma ba ka iya fitar da shi. Iyakarka ka maƙale shi.

Mai Doki Biyu:
To ai misalinka na uku hujjata ce, ba taka ba. Giwa sukutum da soja, a ce ba nasara?

Ɗan Kusurwa:
Saboda manufar wasan kashe sarki ce, ba tara kaya ba. Da tara kaya ne, da sai a tsayar da agogo a taku na 40 a ƙirga 'ya'ya. Wanda yake gaba shi ke da alhakin ya kai wasa irin ƙarshen da zai iya kashewa. In ya bari aka musanya masa har ya rage da giwar da ba ta dace da kusurwa ba, abokinsa ya fi shi hangen nesa a wannan wurin, kuma rabin makin nan haƙƙinsa ne.

Haka ta faru a gasar kambun duniya ta 1978 a Bagiyo, ƙasar Filifin, wasa na 5 tsakanin Viktor Korchnoi da Anatoly Karpov. Korchnoi yana da giwa da sojan layin a, amma giwar ta baƙaƙen gidaje ce, a8 kuwa fari ne. Ya yi ta juyawa har taku 124, daga ƙarshe ya maƙale sarkin Karpov. Wasan nan shi ne mafi tsawo a tarihin gasar har zuwa 2021, lokacin da Magnus Carlsen ya doke Ian Nepomniachtchi a taku 136 a Dubai.

Mai Lissafi:
Bari in sa baki a nan, don an gwada shawarar Mai Doki Biyu a aikace. A 2020 masu binciken kamfanin DeepMind tare da Vladimir Kramnik sun koya wa AlphaZero, manhajar kwamfuta mai wasan ces, nau'o'in ces da aka sauya wa doka, ɗaya daga ciki shi ne wanda maƙalewa take nasara. Abin da ya fito: ƙarshen wasanni da yawa sun sauya hukunci, amma yawan canjaras tsakanin masu ƙarfi bai ragu sosai ba. Dalili a fili yake. Mai kare kansa da ya san sabuwar doka ba zai shiga irin waɗannan ƙarshen ba tun farko, sai ya nemi wata hanyar tsira. Wato za a biya farashi mai tsada, a sami riba kaɗan.

Malamar Yara:
Ni abin da nake nuna wa yara in sun yi fushi da dokar nan shi ne matsayin Saavedra, wanda aka sani tun 1895. 'Ya'ya huɗu ne kacal: Fari sarki a b6, soja a c6, Baƙi sarki a a1, hasumiya a d5. Fari ya tura soja c7. Hasumiya ta yi ta cek, sarki yana saukowa ta layin b har ya kai c2. Kamar an gama. Sai Baƙi ya ajiye hasumiya a d4, ya ɗana tarko: in soja ya zama sarauniya, hasumiya ta yi cek a c4, sarauniya ta cinye ta dole, sarkin da ke a1 ya maƙale. Me Fari zai yi? Ya ƙi sarauniya, ya ɗauki hasumiya. Yanzu yana barazanar kisa a layin a. Baƙi ya tare da hasumiya a a4, Fari ya taka sarki b3, ya kai wa hasumiyar hari kuma ya buɗe hanyar kisa a c1 lokaci guda. Ranar da yaro ya ga cewa akwai inda hasumiya ta fi sarauniya, idonsa yakan canza. Ba don maƙalewa ba, babu wannan kyan.

'Yar Giwa:
Malama, na jera shi yanzu a allo. Wallahi sai da na maimaita sau uku.

Ɗan Kusurwa:
Ƙara da na Larry Evans da Samuel Reshevsky a gasar Amurka ta 1963 zuwa 1964, wadda Bobby Fischer ya cinye wasanninta 11 duka. Reshevsky yana gaba da doki, kisa ya kusa. Evans ya lura sarkinsa da sojojinsa duk sun daskare, sai ya ba da sarauniya kyauta, sannan ya saki hasumiya tana bin sarkin Reshevsky da cek. In an ci ta, maƙalewa. In ba a ci ba, ba za ta daina ba. Sabon Hannu, ka ga abin da ya same ka ya sami wanda ya fi mu duka.

Sabon Hannu:
Hankalina ya ɗan kwanta. Tunda an buɗe maganar, Baba, ta hanyoyi nawa ne wasa yake tashi kunnen doki? Kwanaki ma an rufe mini wani wasan ina tsakiyar yin cek, ban san dalili ba.

Tsohon Alƙali:
Wannan maimaici ne, ɗana. A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, idan matsayi ɗaya ya bayyana sau uku, mai wasa yana da damar neman canjaras. A nan mutane suke ruɗewa: ba taku ake ƙirgawa ba, hoton allo ake dubawa. Kuma ba sai a jere ba; yana iya bayyana a taku na 30, ya dawo a na 36, ya sake dawowa a na 50. Sharaɗi shi ne 'ya'ya suna gidajensu ɗaya, layin taku na mutum ɗaya ne, kuma damar kowa ba ta canza ba. In a karon farko sarki yana da ikon shiga ganuwa (takun da sarki da hasumiyarsa suke motsawa tare), a karo na biyu ya rasa ikon, to ba matsayi ɗaya ba ne ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Cek marar ƙarewa da kake yi ba shi da dokar kansa, ta wannan ƙofar yake fita.

A intanet kwamfuta ce take rufewa da kanta. A kan allo na gaske kai za ka nema, kuma akwai ladabinsa. In takun da za ka yi ne zai kawo maimaici na uku, rubuta shi a takarda, kar ka taka, tsayar da agogo, kira alƙali. Na sha ganin yaro ya taka, ya danna agogo, sannan ya ɗaga hannu. Dama ta wuce sai in ta sake zagayowa. In ka nema bisa kuskure, ana ƙara wa abokinka lokaci. Fischer ya tsira da wannan doka a wasa na 3 da Tigran Petrosian a Ajantina a 1971: Petrosian ne ke da rinjaye, bai lura matsayi ya dawo sau uku ba.

Sai dokar taku 50: in kowane ɓangare ya yi taku 50 ba a ci ɗa ba, ba a motsa soja ba, ana iya neman canjaras. Tun 2014 aka ƙara cewa in maimaici ya kai biyar, ko taku ya kai 75, alƙali yana rufe wasa ko ba wanda ya nema, sai dai in takun ƙarshen kisa ne.

Sai mataccen matsayi, inda babu wata hanya ta doka da wani zai iya kashe wani, ko da abokinsa yana taimaka masa. Sarki da sarki. Sarki da giwa, ko sarki da doki, a kan sarki kaɗai. Giwa da giwa masu tafiya a launi ɗaya. Har da inda sojoji suka cije wa juna, sarakuna ba su da hanyar ratsawa.

Na ƙarshe yarjejeniya, kuma a kanta nake da ciwo, amma bari in sha ruwa tukuna.

Mai Doki Biyu:
Baba, doki biyu fa? Sunana ke nan a nan.

Tsohon Alƙali:
Doki biyu ba sa iya tilasta kisa a kan sarki kaɗai, kuma maƙalewa ce take hana su: kafin doki na biyu ya iso, sarki ya rasa taku. Amma ba mataccen matsayi ba ne, domin in mai kare kansa ya yi wauta ana iya kashe shi. Abin al'ajabi, in yana da soja guda da zai iya motsawa, wani lokaci sojan ne yake jawo masa mutuwa, don ya hana shi maƙalewa. Alexey Troitsky ya yi dogon nazari a kan wannan ƙarshen.

Mai Lissafi:
Dokar taku 50 ma tana da nata rikicin. Giwa da doki a kan sarki kaɗai nasara ce, ba ta wuce taku 33 in an taka daidai, amma kuskure biyu ko uku sun isa su fitar da kai daga 50. Anna Ushenina, tana riƙe da kambun mata na duniya, ta kasa kammala shi a Janiba a 2013. Kwamfuta kuma ta lissafa duk matsayin da bai wuce 'ya'ya 7 ba, ta gano akwai inda kisa yake buƙatar taku sama da 500. A da FIDE ta yi ƙoƙarin bin irin wannan binciken, ta ba wasu ƙarshen wasa ƙarin taku. A lokacin ne Ivan Nikolić da Goran Arsović suka yi wasa mai taku 269 a Belgired a 1989, suna ta juya hasumiya da giwa a kan hasumiya, ya tashi canjaras. A 1992 aka dawo da 50 ga kowa. Ina ganin daidai ne, mutane ne ke zaune a kujerun nan, ba injina ba.

'Yar Giwa:
Tambaya, Baba. Lokacina ya ƙare, abokin wasana sarki kaɗai gare shi. Na faɗi?

Tsohon Alƙali:
A'a 'yata, canjaras ne, tunda ba shi da abin da zai kashe ki da shi. Amma ki kula: a dokar FIDE tambayar ita ce ko akwai wata hanya ta doka, komai wautarta, da zai iya kashe ki. In yana da doki guda, ke kina da soja, sau da yawa akwai irin wannan hanyar, domin sojanki na iya toshe wa sarkinki mafita. To kin faɗi. Shafukan intanet ba duka suke bin wannan sak ba, don haka kar ki ɗauki abin da kika saba gani a waya ki shiga da shi gasa.

Yanzu maganar yarjejeniya. Mai Doki Biyu, in kana neman abin da ke cutar da wasan nan, ga shi nan, ka bar maƙalewa ta huta. Wanda aka maƙale ya yi yaƙi har numfashin ƙarshe. Amma mutum biyu su zauna, su yi taku 12 da suka haddace, su miƙa wa juna hannu su tashi, wannan fa? Na yi alƙalanci a ƙananan gasa shekaru da yawa, kuma babu abin da ke ɓata mini rai kamar zagayen ƙarshe, in ga allo na ɗaya an nannaɗe shi kafin 'yan kallo su zauna, yara kuma suna gani suna koya.

An yi ta neman magani. A gasar Sofiya ta 2005 aka hana 'yan wasa yi wa juna tayin canjaras kai tsaye, sai ta hannun alƙali. A Bilbawo aka gwada maki 3 ga nasara, 1 ga canjaras, irin na ƙwallon ƙafa. Gasar Norwe tun 2019 in an tashi kunnen doki sai a sake gajeren wasa na raba gardama, Fari ya fi lokaci, amma in an sake canjaras Baƙi ya ci. A Samarkand kuma, ƙarshen 2023, a gasar duniya ta wasan walƙiya, Daniil Dubov da Nepomniachtchi suka yi ta yawo da dawakai suka tashi canjaras, alƙali ya ba kowannensu sifili. Na ji daɗin hukuncin nan har raina.

Mai Lissafi:
Baba, ina tare da kai a kan na Samarkand, amma kar a haɗa kowane canjaras a buhu ɗaya. A Landan a 2018, Carlsen da Fabiano Caruana sun yi wasa 12 na dogon lokaci, duka kunnen doki, karo na farko a tarihin gasar. Amma wasan farko ya kai taku 115, kuma a na 6 Carlsen da ƙyar ya sha. Wannan ba lalaci ba ne, ƙarfi ne ya zo ɗaya.

Tsohon Alƙali:
Na 12 fa? Carlsen yana da matsayi mafi kyau da lokaci mafi yawa, ya yi tayi a taku na 31.

Mai Lissafi:
Ya yi lissafin cewa ya fi Caruana a wasan sauri, kuma ya cinye uku a jere. Tsarin gasar ne ya ba shi wannan zaɓin. In akwai laifi, a tsarin yake. Kuma ka tuna ɗaya gefen: a Mosko, 1984 zuwa 1985, aka ce ba a ƙirga canjaras, sai wanda ya fara cin wasa 6. Karpov da Garry Kasparov suka yi wasa 48, 40 daga ciki kunnen doki, 17 a jere, wata biyar ana abu ɗaya, har shugaban FIDE Florencio Campomanes ya dakatar da gasar ba tare da gwani ba, Karpov yana da 5, Kasparov 3. Tun 1927 ma José Raúl Capablanca da Alexander Alekhine sun yi canjaras 25 cikin wasa 34. In gwanaye biyu ba su yi babban kuskure ba, inda wasan yake zuwa ke nan, ko an so ko an ƙi.

Tsohon Alƙali:
Ban musa ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne a bar allo ya faɗi canjaras ɗin da bakinsa. Ga masu koyo kuma: in za ka yi tayi, taka takunka, furta tayin, sannan ka danna agogo. Ba a janye shi in an furta. Kuma ba a damun mutum da tayi kowane taku, alƙali na iya hukunta ka.

Mai Doki Biyu:
Na karanta duka. A kan yarjejeniya ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. A kan maƙalewa kuwa, na yarda Saavedra yana da kyau, na yarda ba za a rage canjaras da yawa ba. Amma har yanzu ban ga dalilin da zai sa wanda aka kai bango da wanda ya kai shi su tashi da maki daidai ba. Ko kashi uku cikin huɗu a ba wanda ya matse, kamar yadda Larry Kaufman ya ba da shawara. Nan na tsaya.

Ɗan Kusurwa:
In an yi haka, mai soja ɗaya a gaba ba zai ƙara yarda ya sadaukar da komai ba, zai yi ta musanya ne ya je ya karɓi kashi ukunsa. Ni ma nan na tsaya.

Malamar Yara:
Ku ci gaba, ni bari in ba ƙanina aiki. Sabon Hannu, jera wannan: Fari sarki a e5, soja a e6. Baƙi sarki a e7, kai ne Baƙi, layinka ne. Gida uku ne a bayanka: d8, e8, f8. Ɗaya ne kawai yake tsirar da kai. Kar ka tambayi kwamfuta.

Sabon Hannu:
Malama, na zauna da shi kusan awa ɗaya. Da farko na zaɓi d8. Sai Fari ya zo d6, na koma e8, ya tura soja e7 ba cek, dole na fita f7, sarkinsa ya hau d7, soja ya wuce. f8 ma haka ne ta ɗaya gefen. Amma in na ja da baya kai tsaye zuwa e8, ya zo d6, sai in tsaya gabansa a d8. Ya tura e7 da cek, na koma e8. In bai zo e6 ba na cinye sojan, in ya zo na maƙale. e8 ce amsa.

Malamar Yara:
Ita ce. Ka kuma riƙe abin da ka gani da idonka: a irin wannan matsayi, in soja ya hau layi na 7 da cek, an tsira, in ya hau shiru, an mutu. Yanzu juya kujera, kai ne Fari. Sa sarkinka a e6, soja a bayansa a e5, Baƙi a e8. Gwada da layinka, ka gwada da layinsa. In ka gama, kwashe su duka ka mayar layin h, sarki a h6, soja a h5, Baƙi a h8, ka zo ka faɗa mana abin da ya canza.